Gwaggo da Kwanon Giyawa

Ina tankaɗen garin tuwo a tsakar gidana a Rabah, da hantsi, wayata ta yi ƙara a kan taga. Baffa ne, autan su mahaifina. Bai tsaya gaisuwa ba, shi da gaisuwarsa kan ƙarar da kati.

Ya ce, "Ɗiyata, sai haƙuri. Yaya ta rasu."

Na ce wace Yaya, alhali na san Yaya ɗaya gare shi a Wurno.

Ya ce, "Gwaggonki. Ta yi sallar asuba, tac ce kanta na sara, ta kishingiɗa. Shi ke nan."

Na yi salati, na ajiye rariya a ƙasa. Kaji suka taru a kan garin, ina kallonsu ban kore su ba. Maganar da ta fara fita bakina bayan haka ita ce, "Baffa, an gaya ma ta Giyawa?"

Ya ce, "Ita nif fara kira, kahin ke."

Ta Giyawa ita ce ƙanwar Gwaggo, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aure ya kai can tun ba a haife ni ba. Mu yara muna ce mata Ƙaramar Gwaggo. Tun ban yi wayo ba su biyu ba su magana da juna.

Kafin motar da na shiga ta isa Wurno an riga an kai Gwaggo makwancinta. Na tarar da gida cike, tabarmi har bakin rijiya. Na yi zaton zan ji ana zancen sallarta da azuminta, an kuwa yi, domin ta tsare su. Amma abin da ya fi yawa a bakin mata shi ne biskitin kabewa. Wata ta ce da shi aka fara ba tsohonta abinci bayan doguwar jinya. Wata ta ce ɗanta da ke aiki a Legas ya bugo yana kuka, ya ce har yau in ya ji ƙanshin kanumfari gidan nan yake tunawa. Tsohuwar maƙwabciyarmu, aminiyar Gwaggo wadda ba su yini ba su yi tsiya ba, tana zaune jikin bango tana jan casbi. Da na durƙusa gaishe ta sai ta riƙe hannuna.

Ta ce, "Kin ga abin da uwarki tay yi mani? Ta tahi da rabona na bana. Kullum in na tambaya sai tac ce in jira. To ga shi na jira."

Ta saki hannuna ta ja mayafi ta rufe fuska.

A gefe kuma ana magana ƙasa-ƙasa, kowa na satar kallon ƙofar zaure. Ko ta Giyawa za ta zo? In ta zo, za ta shigo? Ba wanda ya tambaye ni kai tsaye, amma na san ni ake jira in ce wani abu, tunda ni Gwaggo ta riƙa.

An yaye ni aka ba ta ni. Nata 'ya'yan Allah bai bar mata ko ɗaya ba, da mijinta ya rasu kuma ta dawo gidan ubanta ta zauna, ba ta sake aure ba. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan fara'a. Ba ta taɓa ce min tana sona ba. In na yi abin kirki sai ta ce, "To, ba laihi." In na yi ɓarna sai ta kalle ni kawai, har sai na gwammace duka. Ba ta cin abinci a tsaye, ba ta barin kowa ya ci a tsaye a gabanta. Ba ta kuma yarda a mayar wa mutum da kwanonsa wofi. Ko gishiri maƙwabta suka aiko, sai ta sa 'yar kuka ko daddawa a ciki kafin a mayar.

Gashin biskit ita da ƙanwarta suka koya tare suna 'yan mata, wurin matar wani ma'aikacin noman rani da ya yi haya kusa da gidanmu. Matar kek ta koya musu, a tukunya da rairayi. Sa kabewa dabarar Gwaggo ce. Kakanmu haƙoransa sun zube da wuri, in Sallah ta zo aka soya cincin sai dai ya riƙe a hannu yana kallo. Gwaggo ta duba kabewar da ta yi yaɗo ta rufe rumfar tsakar gida, ta ce bari ta gwada. Abin da ya fito mai taushi ne, da dasashi ma ana cinsa. Tun daga nan ta riƙe shi. Ba ta taɓa sayarwa ba. Sau ɗaya take yi a shekara, in sanyi ya shigo, kuma tsofaffin unguwa da marasa lafiya ake fara kai wa kafin yara su samu.

Na sha zama kusa da ita ranar gashi. Kabewar ba sabuwar yanka take so ba. In an cire ta da kaka sai ta shafa toka a hancin kabewar, inda aka yanke ta, ta shimfiɗa rairayi a ƙarƙashin gado ta jera su, tana juya su lokaci-lokaci har ruwan jikinsu ya ragu, zaƙi ya zauna. Ba ta dafa ta cikin ruwa, a madambaci take turarawa, sannan ta murje ta da bayan ludayi. Sai fulawa, da sukari kaɗan, da man shanu, da citta da kanumfari, da hodar da ke sa shi tashi, da ƙwai in an samu. Kwaɓin bai kai na cincin tauri ba, bai kai na ƙosai ruwa ba. Da cokali take ɗiba tana ɗorawa a faranti, ta sa farantin a kan rairayi mai zafi cikin babbar tukunya, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfi. Wutar sama ta fi ta ƙasa yawa. In na kai hannu zan buɗe sai ta buge shi.

"Mi kika nema ciki? Ajiya kinka yi?"

In sun huce sai ta sa musu riga. Haka take kiran abin da take shafawa a kai: mazarƙwaila da ta narkar da madara, da ɗan ruwan lemun tsami. Yana bushewa ya yi sheƙi, amma in ka ciza ba ya ƙara, narkewa yake. Biskit marar riga, in ji ta, tsirara yake, ba a fita da shi gaban mutane. Wannan aikin kuwa ba ta bari a taɓa mata. Ina ƙarama tafasasshiyar mazarƙwaila ta taɓa fallatsar min a hannu, tabon na nan har yau, tun ranar in ta ɗora ƙaramar tukunya sai ta ce in koma bakin ɗaki. Daga nesa nake ganin tana ɗaga cokali tana duban yadda yake zuba, wani lokaci ta karkata kunne kamar mai sauraron magana. Na girma, na yi aure, na haihu, ba ta daina kora ta bakin ɗaki ba. Sai bara, da na zo taya ta, ta dubi hannuna ta ce, "Baɗi in muna da rai ke za ki sa rigar. Kin isa."

Abin da ya raba ta da ƙanwarta ba a ɓoye yake ba, duk dangi sun sani. Kakarmu ta kwanta ciwon ajali cikin damina, gulbi ya cika, ƙanwar kuma tana da tsohon ciki a Giyawa. Lokacin babu waya. Gwaggo ta hana a aika mata, ta ce kada a ɗora mace mai ciki a kwalekwale. Tana ganin tsohuwar za ta tashi. Ba ta tashi ba. Sai bayan an rufe ta labari ya isa Giyawa. Da Ƙaramar Gwaggo ta zo, a tsakar gida ta tsaya gaban jama'a ta ce, "Yaya, kin hana ni ganin uwata. Wallahi ba ni ƙara taka gidanga kina ciki." Gwaggo ta ce, "Kada ki taka." Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

An yi ta shiga tsakani. Mahaifina ya yi har ya rasu. Malamin unguwa ya aika wa ƙaramar cewa rantsuwa irin wannan kaffara ake yi mata a wuce, ya zo ya gaya wa babbar cewa gaba tsakanin 'yan'uwa ba ta halatta. Kowace ta saurara da ladabi, ta ce Allah ya saka da alheri, ba abin da ya canza.

Sai dai a sanyin shekarar da aka yi faɗan, Gwaggo ta gasa biskit kamar kullum. Ta ɗauko wani kwanon sha mai murfi, fari mai bakin shuɗi, na kakarmu, ta cika shi ta ɗaure da ƙyalle. Ta miƙa wa Baffa, wanda ke zuwa kasuwar Goronyo da albasa.

"In ka biya Giyawa ka aje wanga."

"In ce mi?"

"Kada ka ce komi. Bakinka na kaɗai matsalarka."

Kwanon ya zauna can har ƙarshen damina. Sannan ya dawo cike da soyayyen man shanu, domin gidan mijin ƙaramar masu kiwo ne. Ba saƙo, ba gaisuwa. Gwaggo ta buɗe, ta shinshina, ta ce an ɗan ƙona shi, ta ajiye. Da shi ta yi gashin shekarar. Daga nan abin ya zauna: biskit ya tafi da sanyi, mai ya dawo da kaka. Baffa ya kai shi a keke, ya kai shi a mota, ya kai shi a babur, har furfura ta cika masa gemu yana kai kwanon nan yana dawowa da shi.

Duk dawowarsa sai an yi wasa iri ɗaya. Gwaggo za ta bar shi ya sha ruwa, ta yi kamar tana tsintar shinkafa.

"Mai kwanon ta rame?"

"Yaya, in lahiyarta kika so ki ji, ga waya. Lambarta na ciki."

"Wa ya tambaye ka lahiyarta? Na ji an ce ana zazzaɓi wajensu, kada a shafa ma kwanona."

"To ta yi ƙiba. Ita ma ta tambaya ko ƙahwarki ta bar ciwo."

"Ita tat tambaya?"

"Tac ce wai don ta san ko tsaye kinka yi kwaɓin ko zaune, don na bana ya yi gishiri."

Gwaggo ta ce, "Ƙarya takai. Tun tana yarinya harshenta bai da kirki." Amma ranar har dare tana 'yan waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi.

Da bazarar da ta wuce ɓarayin daji suka kore shanun gidan Ƙaramar Gwaggo. Allah ya tsare rayuka, amma garken ya tafi. Labari ya zo Wurno. Gwaggo ta sa Baffa ya kai buhun gero ya ba mijin, ta ce ya ce daga shi ne. Damina ta zo ta wuce, kwano bai dawo ba. Aka cire kabewa, ta shafa musu toka ta jera. Sanyi ya shigo. Na zo daga Rabah da mazarƙwailata a jaka, ina murna bana zan sa riga. Na tarar ba ta ko wanke rairayi ba.

A gabana Baffa ya same ta. Ya ce, "Yaya, man shanu ya cika kasuwa. Bari in sawo maki ki yi abinki. Tsohin unguwa sun dame ni da tambaya."

Ta ce, "In na gasa da na kasuwa, mi nig gaya mata? Na gaya mata ko babu ita ana yi."

"To in tahi in amso kwanon, ki cika ki aika mata. Ai ta fi kowa bukata bana."

Ta ɗago ta kalle shi irin kallon nan. "Ka tahi gidan macen da anka kwashe ma shanu ka ce ta ba ka kwano wohi? Ka tsaya tana miƙo maka shi ba komi ciki? Kai dai har ka mutu yaro kake."

"To sai yaushe?"

"Sai ta aiko. Kabewa na jira."

Na koma Rabah da mazarƙwailata. Ganina da ita na ƙarshe ke nan: tana durƙushe bakin gado, rabin jikinta a ƙarƙashi, tana juya kabewa.

Ƙaramar Gwaggo ba ta iso ranar rasuwa ba, hanyar ba a binta yadda aka ga dama yanzu. Washegari da azahar muka ji tsayuwar babur. Mata suka juya suna duban ƙofar zaure. Ta shigo zaure, ta tsaya daidai ƙofar da ke fitowa tsakar gida, ta kasa ɗaga ƙafa. Na daɗe ban gan ta ba. Ta tsufa, ta rame, kuma tsayuwarta sak ta Gwaggo. Tana rungume da ƙullin ƙyalle a ƙirji.

Tsohuwar maƙwabciya ce ta yi magana daga jikin bango, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Shigo mana. Ba ta ciki. Rantsuwarki ta cika."

Wasu sun ce maganar ta yi zafi. Ni dai na ga ita ta shigo da ita. Ta tako har tsakiyar tabarmi, ta zauna, ta karɓi gaisuwa kamar kowa. Sai da mutane suka ragu bayan la'asar ta ce in kai ta ɗakin Yaya. Baffa ya biyo mu, tsohuwar ma ta dogara sanda ta biyo.

Ta zauna bakin gado ta kwance ƙyallen. Kwanon ne. Ta buɗe murfi: man shanu, saura kamar kaurin yatsa ya kai baki.

Ta ce, "Karsana ɗaya sunka bari, don tana ɗaure cikin gida. Ba ta haihu ba sai tsakiyar damina. Kullum ɗan abin da nis samu in soya in zuba. Nac ce in ya cika in aiko." Ta shafa bakin kwanon. "Ban taɓa aiko mata da ragi ba. Cewa za ta yi na yi rowa."

Baffa ya juya mana baya yana duban bango.

Sannan ta dube ni. "Ke tar riƙa. Ki gaya mani tsakaninki da Allah. Ta bar mani magana? Ta ce ta yahe mani?"

Na so in ce e. Kalma ɗaya ce, kuma ba mai ƙaryata ni. Amma Gwaggo ba ta rene ni a kan haka ba, kuma matar ta haɗa ni da Allah. Na ce, "Ba ta bar magana ba, Gwaggo. Ba ta san za ta tahi ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da take jira ke nan.

Na ce ta ɗan matsa. Na durƙusa na jawo kabewar daga ƙarƙashin gadon ɗaya bayan ɗaya zuwa gabanta, da tokarsu, da rairayi manne a jikinsu. Na ce tun kaka suke nan. Baffa, bai juyo ba, ya maimaita mata abin da Yaya ta ce a kan man kasuwa, da abin da ta ce a kan kwano wofi, kalma da kalma, har da zagin da ta yi masa. Ya gaya mata na geron ma.

Tsohuwa ta ce, "Wadda ka gaba da ke ba ta hana ma unguwa guda biskit saboda ke."

Ƙaramar Gwaggo ta ce, "Na sani. Tun kwanon hwarko na sani. Ni dai so niy yi in ji da bakinta. Ita ma ƙila haka." Ta ɗauki kabewa ɗaya ta juya ta, ta danna gindinta da babban yatsa. "Wagga ta hwara taɓuwa. Ba ta kai mako. A ba ni wuƙa."

Ranar sadakar uku, bayan wainar da aka saba, an gasa biskitin kabewa a gidanmu. Ƙaramar Gwaggo ta yi kwaɓi. Tun suna 'yan mata ita ke kwaɓi, Yaya ke wuta da riga, kuma hannunta bai manta ba. Ni na tsare wuta. Da na kai hannu ga murfi ta buge shi, ba ta ma san ta yi ba. Sun fito da taushi, da launi, ƙanshin ya kai zaure har maza suka yi shiru.

Sai riga. Ta ce ita ba ta taɓa yi ba. Na ɗora ƙaramar tukunya, na narka mazarƙwailar da na sake zuwa da ita. Na ɗaga cokali, na karkata kunne, ban san abin da nake saurare ba. Ta farko ta daskare kamar alewa, za ta fasa dasashin tsoho. Ta biyu ta tsinke, ta bi ta jiƙa biskit ɗin. Tsohuwa ta ɗanɗana ta ce, "Ku bar wahala. Ku kai hakanan, yau kowa ya san dalili." Haka aka raba su tsirara, tsofaffi da marasa lafiya tukuna, sannan yara.

Ƙaramar Gwaggo ta kwana bakwai a ɗakin yayarta, a kan gadonta. Ranar da za ta koma na wanke kwanon, na cika shi da sauran biskit, na kawo mata. Ta buɗe ta duba, ta juye su a faranti, ta miƙo min shi.

"Yaya ba ta taɓa aiko mani da marar riga ba. Yanzu kwano hannunki yake. In kin iya, ki ba Baffanki."

Baffa ya ce, "Wato ni ban huta ba ke nan."

Ta ce, "Wa ya ce ka huta? Tada babur."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya sada ta da iyayenta da 'ya'yanta da suka riga ta. Ya sa abin da ta ciyar da marasa haƙori ya zame mata nauyi a mizani. Ita da ƙanwarta kuma, Shi ya san abin da ke cikin kwanon nan fiye da mu.

Na shanya 'ya'yan kabewar, zan shuka su gindin rumfata da damina. Kabewa ɗaya ta rage, na zo da ita Rabah, tana ƙarƙashin gadona ina juya ta. Man da ya saura zai yi gashi ɗaya. Na ɓata mazarƙwaila da yawa tun daga ranar, yarana sun gaji da lasar tukunya. Kwanon yana kan kabad, wofi, Ƙaramar Gwaggo kuma ba yarinya ba ce. Har yau ban iya rigar ba, ban kuma aika ba.